Kogon Baƙin Sama a Ƙasar Kham

Da sunan wanda ya kafa duwatsu, ya shimfiɗa ƙasa, ya rataye taurari ba da igiya ba. Ku matso, ku gyara zama, manya a gaba, yara a gefe, ku ji abin da idona ya gani, ƙafata ta taka, hannuna ya taɓa a ƙasar Kham, can inda ƙasa ta yi ta hawa har ta kusa gogar sama.

Ni ne Tunau ɗan Bagudu, mutumin Kwatarkwashi. Sana'ar gidanmu dutse: mu fasa shi, mu sassaƙa dutsen niƙa, in ya yi santsi mu koɗe shi. Na bar gida tare da ayarin alhazai ina da shekara talatin da ɗaya. Da na sauke farali, sai ƙafata ta ƙi juyowa yamma. Na bi fataken Hindu cikin jirgin ruwa, na yi shekara biyu a ƙasarsu ina koyon irin nasu dutsen niƙa, mai kewaye, wanda ake juya na sama a kan na ƙasa, har harshen kasuwarsu ya zauna a bakina.

A wani gari da ke gindin manyan duwatsun Himalaya wani Bature ya same ni ina aiki. Sunansa Ostorman, dogo ne siriri, ba ya rabo da tabarau da littafi. Ya tsaya a kaina har na gama, sannan ya ce, "Kai, in ka ga dutse, kana iya gane irin hannun da ya yanke shi?"

Na ce, "Har in gaya maka ko bahago ne."

Sai ya zauna a ƙasa, bai damu da wandonsa ba, ya ba ni labari. Ya ce a bayan duwatsun nan, a ƙasar Kham, akwai wani kogo. Tun zamanin da ba a sani ba wasu halittu suka faɗo daga taurari cikin jirgi, gajeru masu manyan kawuna, suka mutu a can. Sun bar faya-fayan dutse masu rubutu wanda hannun ɗan Adam ba zai iya yi ba. Mutanen wurin da kansu, in ji shi, suna kiran su baƙin sama.

"Ina son wanda ya san dutse ya gani, ya shaida," in ji shi.

Da na ji an ce akwai yankan da ya gagari hannun mutum, sai abinci ya daina yi mini daɗi. Bayan kwana uku na ɗaure gudumata da ƙarafana, muka kama hanya.

Wata biyu muna hawa. Itatuwa suka yi ta gajarta har suka ƙare. Kayanmu na bisa wasu shanu masu gashi har ƙasa, ana ce musu yak. Iska ta yi ƙaranci, sai ka ja numfashi uku kafin ka sami na ɗaya. Ruwan buta ya daskare, na koma taimama da dutse. Amma wallahi ban taɓa ganin girman Ubangiji kamar a wurin nan ba. Da hantsi kawunan duwatsu suna ƙyalli kamar an zuba musu narkakkiyar azurfa, gajimare kuwa yana ƙasa da mu, muna leƙa shi kamar mai leƙa rijiya.

A mashigin dutse na ƙarshe, inda aka ɗaura tutoci masu launi biyar suna kaɗawa, masu jan shanunmu suka ce nan iyakarsu, suka juya. Ba mu yi nisa da gangarawa ba sai ga mahaya tara sun kewaye mu. Dogaye ne, ƙarfafa, kowa ya kitse gashinsa da jan zare ya naɗe a ka, ga takobi a gicciye bisa ciki, ga murjani a kunne. Babbansu, mai suna Gyurme, ya taɓa fatauci a Hindu, don haka muna jin juna.

Ya ce, "Wa ya kira ku?"

Bature ya ce mun zo ganin kogon baƙin sama. Ko da ya faɗi haka sai fuskar Gyurme ta canza, kamar an taka masa ciwo. Ya ce a kwashe shanunmu da kayanmu, gobe a mai da mu mashigi a ƙasa. Na dubi sama, na ga hadarin ƙanƙara ya haɗu a kan hanyar da muka biyo. Na san wanda ya koma can a ƙafa ba kaya ba zai ga gida ba.

Suka kai mu zangonsu, tantuna ne baƙaƙe na gashin yak. Mutanen Kham ko sun kama ka sai sun ci da kai. Aka kawo mana shayi mai man shanu da gishiri, da garin sha'ir da ake cuɗawa a ciki. Na kai loma ɗaya sai na ji tsaki a haƙorina. Na waiga, na ga mata biyu sun haɗa hannu suna juya dutsen niƙa, gumi na zuba a cikin wannan sanyi, gari kuwa da ƙyar yake fita. Tun daga inda nake na ji kukan dutsen, na san ya shafe.

Na ce wa Gyurme, "Maigida, kafin ka kore mu, a ba ni gudumata zuwa la'asar."

Ya ce, "Ka fasa kan wa?"

Na ce, "Kan dutsen can."

Ya sa aka miƙo mini, hannunsa na kan takobi. Na kife dutsen, na zauna na koɗe shi, na fitar masa da sababbin haƙora daga tsakiya zuwa baki. Da na mayar, mace guda ta juya shi da hannu ɗaya, gari ya yi ta malala lukui kamar kwalli. Matan suka sa shewa irin tasu, wata tsohuwa ta shafa mini man shanu a goshi. Kafin la'asar an jere mini duwatsu shida daga sauran tantuna.

Gyurme ya kama hannuna ya juya shi, yana duban kantar da ke tafina. Ya ce, "Irin hannun mahaifiyata ne. A da ita ke gyara mana duwatsu, yanzu yatsunta sun ƙage. Ita ce mai tsaron kogon. Zan kai ku gare ta, in ta yarda ku gani. Amma ku ji: wanda ya ɗauki ko tsakuwa daga can, ba zai ƙetare gadar da ke gaban kogon da rai ba."

Bature ya ɗaga hannu ya rantse. Ni ma na yi alkawari.

Kwana huɗu muna tafiya a kan dawaki. A rana ta uku muka iso wani tafki zagayayye kamar ƙwarya, ruwansa shuɗi har ba ka iya daɗewa kana kallo, ba ciyawa ko ɗaya a bakinsa. Bature ya fito da ɗan agogonsa mai nuna arewa, sai allurar ta yi ta juyi kamar ta sha wani abu. Ya nuna tafkin da yatsa.

Ya ce, "Nan jirgin ya faɗo!"

Gyurme ya ce, "Tauraro ne ya faɗo, tun zamanin kakannin kakanninmu. Ya ƙone tumaki ɗari uku. Mun tsinci ƙarfensa."

Bature ya rubuta a littafinsa, amma na lura abin da ya rubuta ya fi abin da aka faɗa tsawo.

Rana ta huɗu muka bar dawaki a bakin wani kwazazzabo. Zurfinsa, in ka jefa dutse sai ka gama Fatiha ba ka ji saukarsa ba. Gadar sarƙoƙi biyu ce ta ƙarfe, an shimfiɗa katako a tsakani, wasu sun ruɓe. Na ƙetare da rarrafe, ina kiran sunayen Allah waɗanda na sani, mikiya na shawagi a ƙarƙashin cikina.

A can ƙetare, a bakin kogo, wata tsohuwa ƙarama na zaune tana shan hantsi. Sunanta Dolkar, amma kowa Ama yake ce mata, wato Inna. Gyurme ya yi mata bayani. Ba ta dubi Bature ba. Ta shafa tafin hannuna da yatsunta da suka lanƙwashe kamar saiwa, ta ce, ɗanta na fassarawa, "Shigo, ɗana. Ka sunkuya, ƙofar ba ta manya ba ce."

Muka shiga. Jama'a, me zan ce muku? Kogon ya fi kasuwar garinmu faɗi. Daga sama akwai tsaga inda haske ke zubowa. Daga rufin kuwa igiyoyin gashi ne rataye, ɗaruruwa, kowace da faifan baƙin dutse, mai huda a tsakiya, sirara kamar an murza su. Waɗansu kamar tafin hannu, waɗansu kamar murfin tukunya. A jikin bango an zana taurari da farar ƙasa. Ƙarƙashinsu an sassaƙa ramuka jere, cikin kowanne akwai ƙasusuwa ƙanana naɗe da ulu.

Bature ya cire hula. Ya ce da raɗa, "Ka gani? Dubi gajartarsu. Dubi girman kawunan."

Ni kuwa na riga na kama faifai guda ina juya shi cikin haske. Zane ɗaya ne tak a jikinsa, siriri kamar gashi, ya taso daga hudar yana kewayawa kamar saƙar faifai har baki. A cikin zanen akwai 'yan alamu ƙanana, sai ka runtse ido kake ganinsu. Ban taɓa ganin aiki mai kyan wannan ba. Na bi zanen da farce. A zagaye na goma sha ɗaya na ji inda ƙarfe ya zame, mai aikin ya dawo ya gyara. Na kama wani faifan, na ga mai shi bahago ne. Na kama na uku, na ga an fara da hannu mai ƙarfi, an ƙarasa da hannu mai rawa.

Kafin in yi magana sai Ama ta ɗaga yatsa. Rana ta karkata, iska ta shigo ta tsagar sama. Faifai ɗaya ya fara gunji a hankali, wani ya amsa, wani ya ɗauka, har kogon duka ya cika da murya. Ba kuka ba ne, ba waƙa ba. Ya fi kama da hayaniyar yara in kana jin ta daga nesa da yamma, ba ka rarrabe kalma, amma ka san wasa ake. Na tarar da kaina a durƙushe ina tasbihi. Gyurme, wannan ƙaton mai takobi, ya juya fuskarsa bango.

Da iska ta lafa, na ce, "Ama, su wane ne baƙin sama?"

Ta ce, "'Ya'yanmu ne. Yaron da ya zo bai daɗe ba, ba ma cewa ya mutu. Baƙo ne daga sama, ya leƙo, ya ga sanyin ƙasar nan, ya koma. Manyanmu in sun mutu, tsuntsaye muke miƙa wa gawarsu. Ƙananan kuwa zuciya ba ta iyawa, sai mu kawo su nan. Kowane zagaye wata ɗaya ne da ya yi tare da mu. Alamun nan, wannan ranar da ya fara dariya ce, wannan haƙorin fari, wannan ranar da ya taka."

Ta ciro ƙarfen sassaƙa daga ƙirjinta, baƙi mai sheƙi. Ta ce da ƙarfen tauraron nan aka ƙera shi, shi kaɗai ke cin wannan dutse bai dakushe ba. Ita ce mace ta tara a jerin matan da suka riƙe shi.

Bature ya ja ni gefe. Ya ce, "Tsohuwar ba ta san abin da take tsaro ba. Sun tarar da abin ne, suka ƙaga masa labari. Za ka shaida cewa hannun mutum bai yi wannan ba."

Na ce, "Bature, hannun mutum ne. Ga inda ya zame. Kuma kowace uwa ta san kan jariri ya rinjayi jikinsa."

Ya ce, "Shekara goma sha biyu nake neman wurin nan."

Na ce, "To ai ka same shi."

Ya cire tabarau yana gogewa, na ga idonsa ya yi ja. Tausayinsa ya kama ni, na bar shi shi kaɗai. Wannan shi ne kuskurena.

Washegari bayan azahar muka kama hanyar komawa. Bature na gaba, ya kai tsakiyar gada, ni ina biye, Gyurme na bayana. Sai iskar kwazazzabo ta taso ta buɗe masa babbar rigarsa. Daga ƙarƙashinta, inda ya rataya shi a wuya, faifai ya yi gunji. Murya ɗaya, siririya, ita kaɗai a tsakiyar wannan sarari.

Na ji ƙarar zare takobi a bayana. Mahayan da ke jiran mu a ƙetare suka taso suka tare bakin gada. Bature ya tsaya cik, gaba takubba, baya takobi, ƙasa kuwa babu ƙasa.

Gyurme ya ce, "Kauce, mai dutse. Ba da kai nake ba."

Gadar ba ta da faɗin da zan kauce ko da na so. Na juya a kan gwiwoyina na fuskance shi. A kogo na ga wani faifai a kusa da shimfiɗar Ama, ba a rataye ba, zanensa ya tsaya a rabi, na kuma ga yadda Gyurme ke kewaye shi ba ya kallo. Na ce a raina yau ko dai in yi daidai ko mu faɗa mu biyu.

Na ce, "Maigida, faifan da ba a gama ba, na wane ne?"

Ya ce, "Na 'yata ne. Metok. Bara ta koma."

Na ce, "Hannun Ama ya ƙage, kuma ba wanda zai ƙarasa. In ka sare Bature a nan, faifan da ke wuyansa zai bi shi rami, ka rasa biyu. Ka bar shi ya miƙo, ya tafi da ransa. Ni zan zauna in gama na Metok."

Iska na kaɗa mu, sarƙoƙi na kuka. Gyurme ya dubi hannuna da ke riƙe da sarƙa. Can ya mai da takobi kube.

Bature ya ciro faifan ya miƙo mini. Ya ce, "Zan rubuta abin da na yi imani da shi, Tunau."

Na ce, "Rubuta. Amma kada ka sa sunana."

Mahaya suka raka shi har iyakar ƙasar da shanunsa da littafinsa. Ban sake ganinsa ba.

Na koma kogo, na mai da faifan da Bature ya ɗauka inda yake. Na duba zuciyata tukuna: babu gunki a aikin nan, babu sura, ƙidayar kwanakin yarinya ce kawai, da Allah ya ba ta aron su. Na yi bisimilla na karɓi ƙarfen tauraro. Sanyi gare shi kamar ƙanƙara, amma yana shiga dutse kamar wuƙa a sabulu.

Metok ta yi shekara shida da wata huɗu, zagaye saba'in da shida ke nan. Ama ta tsaya a na talatin da ɗaya. Ita ke riƙe mini faifan da gwiwoyinta, tana gyara mini hannu. Amma ita ba ta san abin da ya faru a kowane wata ba, don tana kogo yarinyar na zango. Dole uban ya zauna ya faɗa. Kwana biyun farko bai ce komai ba. A na uku ya ce, yana kallon ƙasa, "A wannan watan ta ciji kare." Ama ta fashe da dariya, shi ma ya yi, sai kuma dariyar ta juye. Daga nan bakinsa ya buɗe. Watan da ta hau doki ita kaɗai. Watan da ta ɓoye ɗan rago a cikin bargonta don kada a yanka. Watan da ta tambaye shi ko duwatsu suna jin sanyi. Yana faɗa ina sa alama.

A zagaye na sittin da tara, yana ba ni labarin yadda take kitse masa gashi tana sa jan zaren a karkace, idona ya cika, ƙarfe ya zame. Na ajiye guduma, na ce na ɓata aikin. Ama ta laluba wurin da yatsa, ta ce, "Duba sauran, ɗana. Akwai wanda ba shi da irin wannan? Ci gaba."

Kwana arba'in da uku na yi. Zagaye na ƙarshe bai cika ba, don watan bai cika ba; na tsaya inda ta tsaya. Gyurme ya murza igiya da gashin yak, ya haɗa da jan zaren kansa, ya hau kafaɗun mutum biyu ya rataye faifan kusa da tsagar haske.

Muka zauna muna jira, mu uku. Rana ta karkata. Iska ta shigo, tsofaffin faya-fayai suka fara, kogo ya cika kamar kullum. Na Metok yana juyawa kawai, shiru. Na ce a raina ko na yi masa kauri. Sai iskar ta ƙara ƙarfi, ya tsaya da juyi, ya fuskanci tsagar. Wata sabuwar murya ta fito, sama da dukkan sauran, mai kaifi, tana ɗan karyewa a tsakiya daidai inda hannuna ya zame.

Gyurme ya miƙe tsaye. Ya saurara har iska ta lafa, bai juya fuskarsa bango ba. Sannan ya ce, "Haka take. Ko a gida ta fi kowa surutu."

Nan hikayata ta tsaya, ya ku masu sauraro. Abin da na manta, tsufa ne ya ci shi. Abin da na faɗa, a gabana aka yi. Allah ya raya muku naku baƙin, ya sa su daɗe.